Kisqali, Ibrance ko Verzenio: wanne ya fi dacewa da mace mai ƙananan shekaru da sankarar mama ta yaɗu a jikinta?

Ummu_Sadiq_Jega: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar magani, da waɗanda suka yi jinya irin wannan. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, mai shekara 34 da 'ya'ya uku, an tabbatar mana cewa sankarar maman da ke damunta ta yaɗu zuwa ƙashin baya da na ƙugu, wato abin da likitoci ke kira mataki na huɗu. Takardar gwajin tsokar da aka ɗebo ta nuna akwai ER da PR, wato alamomin cewa cutar da sinadaran mata take rayuwa, amma babu alamar HER2. Likitan da ke duba ta a Sakkwato ya ce za a riƙa yi mata allurar tsayar da al'ada duk wata, a haɗa da ƙwayar letrozol, sannan in da hali a ƙara ɗaya daga cikin ƙwayoyi uku, Ibrance ko Kisqali ko Verzenio. A gefe guda kuma wata maƙwabciyarmu ta dage cewa da Herceptin Allah ya tashi kafaɗun yayarta, mu nemi shi kawai. Wanne ne ya fi a cikin ukun nan ga mai shekarunta, kuma ina matsayin Herceptin ɗin?

Famasis_BirninKebbi: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Bari in fara kawar da maganar Herceptin, domin kada ku kashe kuɗi a banza. Wannan magani, wanda sunansa na asali trastuzumab, yana kama wata alama ce da ake kira HER2 a jikin ƙwayar cutar, kuma tun 1998 ake amfani da shi a Amurka. Sankarar da ba ta da wannan alama, ba shi da inda zai kama ta. Maƙwabciyarku ba ƙarya take yi ba, nau'in cutar yayarta ne ya bambanta da na ƙanwarki. Ta ƙanwarki da sinadarin mata, estrojin, take rayuwa, kamar yadda shinkafar fadama take rayuwa da ruwan da ake koro mata, saboda haka aikin farko shi ne a toshe magudanar. Allurar tsayar da al'adar, wato Zoladex, tana kwantar da ma'ajiyar ƙwai ta daina fitar da sinadarin, letrozol kuma yana hana ragowar da sauran jiki ke haɗawa. Su kuwa ƙwayoyi ukun nan suna tare wasu sinadarai ne masu suna CDK4 da CDK6, waɗanda ke ba ƙwayar cutar damar rabuwa gida biyu ta hayayyafa.

Hajiya_Yauri: Ni ce shaida a kan abin da Famasis ya faɗa. Tawa mai HER2 ce, kuma duk mako uku ake yi mini ƙarin ruwan trastuzumab. Kafin a fara sai da aka ɗauki hoton zuciyata, kuma ana maimaitawa lokaci zuwa lokaci saboda maganin yana iya raunana zuciya. A cikin kula mai ƙanƙara ɗana yake ɗauko shi, ya rungume ta a cinya tun daga tasha har asibiti, domin maganin ba ya son zafi ko kaɗan. A ɗakin da ake yi mana ƙarin ruwan mata da yawa muke zama, kowace da irin nata maganin, kuma na ga waɗanda suka ɓata rai don an hana su irin nawa, suna zaton rowa ce ake yi musu. Ƙanwata Ummu Sadiq, ki riƙe takardar gwajin nan da kyau, ita ce jagorarku.

Likita_Gwandu: Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan maye gurbin likitan da ke ganin ta ba, amma zan faɗi abin da bincike ya nuna. Dukkan magungunan uku, idan aka haɗa su da maganin toshe estrojin, suna kusan ninka tsawon lokacin da cutar ke yi ba ta ci gaba ba. Inda suka rabu shi ne ƙarfin hujja a kan mata masu ƙananan shekaru. Kisqali, wato ribosiklib, shi ne aka yi wa babban gwaji musamman a kan matan da ba su daina al'ada ba, gwajin MONALEESA-7 mai mata 672. Matsakaicin lokacin da cutar ta tsaya ya kai wata 23.8 ga waɗanda suka sha shi, a kan wata 13 ga waɗanda ba su sha ba, kuma da aka ci gaba da bibiya, matsakaicin tsawon rai ya zama wata 58.7 a kan wata 48. Ibrance, wanda ya riga su fitowa a 2015, ya tsayar da cutar sosai a gwajin PALOMA-2, amma bambancin tsawon rai ɗan kaɗan ne, wata 53.9 da 51.2, kuma matan da suka daina al'ada aka gwada. Verzenio ya nuna ƙarin tsawon rai idan aka haɗa shi da allurar fulbestran mai toshe estrojin, wata 46.7 a kan 37.3. Saboda haka in aka tambaye ni, ga mai shekara 34 da zuciyarta da hantarta suke lafiya, Kisqali nake gabatarwa. Sai dai a sani cewa ba a ajiye su uku a babban gwaji guda an kara su da juna ba, kowanne da nasa matan aka gwada.

Abban_Hanifa: Likita, ranka ya daɗe, ina da tambaya mai nauyi. Na yi jinyar mai ɗakina, Allah ya ji ƙanta, ita tata irin wadda ba ta da ko ɗaya cikin alamomi ukun nan ce, kemo kaɗai aka iya yi mata. Na sayar da gona, na sayar da shanun huɗa, kuma ba na nadamar ko sisi. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda ya zaunar da ni tun farko ya ce mini maganin na tsawaita rai ne da rage ciwo, ba na warkewa ba. Su waɗannan ƙwayoyi, na wata nawa ake sha a gama?

Likita_Gwandu: Allah ya gafarta mata, Abban Hanifa, ya raya abin da ta bari. Ba a gamawa. A mataki na huɗu ana ci gaba da sha ne muddin maganin yana riƙe da cutar kuma jiki yana ɗauka, in ya daina aiki a koma wani. Akwai matan da suke shekaru a haka suna hidimar gidajensu da sana'arsu, amma lissafin kuɗin na kowane wata ne, babu ranar da aka yanka.

Famasis_BirninKebbi: A nan ne nake ɗan saɓa wa Likita, da dukkan girmamawa. Hujjar Kisqali ta fi ƙarfi a takarda, ban musa ba. Amma ni da nake tsaye a bayan kanta ina ganin abin da ke faruwa a wata na uku da na huɗu, lokacin da gudummawar dangi ta ƙare. Falbosiklib, wato maganin da ke cikin Ibrance, yanzu kamfanonin Indiya suna yin nasu, kuma farashinsa ya sauko ƙasa da na asali nesa ba kusa ba. Maganin da iyali za su iya saye shekara biyu ba yankewa ya fi wanda za a sha wata uku a ajiye. Akwai kuma gwajin SONIA da aka yi a Holan da mata 1,050, wanda ya kwatanta fara irin waɗannan ƙwayoyi tun farko da jinkirta su sai bayan maganin toshe estrojin shi kaɗai ya gaza. Ba a sami bambanci mai ƙarfi ba a tsawon lokacin da aka riƙe cutar gaba ɗaya, alhali masu farawa da wuri sun fi kashe kuɗi kuma sun fi shan illa. Don haka in babu hali a yau, fara Zoladex da letrozol kawai ba sakaci ba ne.

Likita_Gwandu: Gaskiya ne, amma a ƙara da cewa kusan duk matan SONIA falbosiklib suka sha, saboda haka bai amsa tambayar ribosiklib ba. Kuma a wurinmu, macen da aka ce ta jira zagaye na biyu ba kullum take samun damar kaiwa gare shi ba, domin hoton bibiya ma ba kowa ke iya yi a kan lokaci ba.

DanLab_Kalgo: Kafin a yi nisa da batun wanne ya fi, ina so a koma kan takardar da Hajiya Yauri ta ce a riƙe. Ingancin gwajin ER da HER2 ya dogara da yadda aka kula da tsokar tun daga ɗakin tiyata. Ya kamata a jefa ta cikin ruwan fomalin da sauri, ta yi tsakanin awa 6 zuwa 72, amma idan ta yi kwanaki tana yawo a mota cikin zafin nan namu, sakamakon yana iya cewa babu alhali akwai. Haka kuma cutar da ta yaɗu wani lokaci tana sauya alamominta, shi ya sa ake son a sake ɗebo tsoka daga inda ta koma in zai yiwu. Anti Ummu Sadiq, ki duba lambar da aka rubuta a gaban HER2. Idan 2+ ce, ana buƙatar gwaji na biyu kafin a ce babu. Idan kuma 1+ ce, ki adana, domin tun 2022 an amince da wani magani mai suna Enhertu ga masu ƙarancin HER2 a matakan gaba, ko da yake tsadarsa ta wuce misali kuma yana iya kumbura huhu.

Ummu_Sadiq_Jega: Na duba, 1+ aka rubuta. Na gode ƙwarai. Wani kawunmu kuma yana cewa ƙwaya ba za ta yi ƙarfin ƙarin ruwa ba, gara a yi mata kemo kai tsaye tunda yarinya ce mai jini a jika.

Likita_Gwandu: Haka aka daɗe ana zato, har a cikin likitoci. Gwajin RIGHT Choice ya ɗauki mata marasa daina al'ada masu cuta mai saurin yaɗuwa, ya kwatanta ribosiklib da maganin toshe estrojin a gefe guda, da kemo iri biyu a haɗe a ɗaya gefen. Masu ƙwaya sun sami wata 21.8 cutar ba ta ci gaba ba, masu kemo wata 12.8, kuma masu ƙwayar sun fi samun sauƙin illa. A Koriya ta Kudu ma gwajin Young-PEARL ya nuna falbosiklib da abokan haɗinsa sun fi ƙwayar kemo ta kafesitabin, wata 20.1 a kan 14.4. Kemo yana da ranarsa, musamman idan hanta ko huhu suna neman gazawa cikin gaggawa, amma ga cutar da ke ƙashi kawai ba shi ne farko ba.

Nas_Zuru: Ni a ɓangaren jinya zan yi magana, domin kowanne cikin ukun da irin wahalarsa. Ibrance da Kisqali ana shan su kwana 21 a huta kwana 7, kuma babbar illarsu rage fararen ƙwayoyin jini, saboda haka a watanni biyun farko duk mako biyu ake gwajin jini. Verzenio sau biyu a rana ake sha babu hutu, bai cika rage jini kamar su ba, amma zawo yake sawa, wanda a zafin Maris da Afrilu na Kebbi yana iya ƙarar da ruwan jikin mutum cikin yini ɗaya. Kisqali kuma yana taɓa hanta, yana iya jirkita bugun zuciya, shi ya sa ake gwajin bugun zuciya kafin a fara da kuma wajen kwana na 14, kuma ba a so a haɗa shi da tamoksifen, wata ƙwayar toshe estrojin. Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'armu ta zuwa kemis da zarar jiki ya yi zafi. Wasu magungunan zazzaɓin cizon sauro irin su kulorokwin, da wasu na kashe ƙwayoyin cuta, su ma suna taɓa bugun zuciya, haɗa su da Kisqali haɗari ne. Maganin tarin fuka na rifamfisin kuma yana rage ƙarfin dukkan ukun. Ku sayi ma'aunin zafi ku ajiye a ɗakinta, idan ya kai 38 asibiti za a tafi a gwada jini, ba kemis ba. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ma a gaya wa likita komai ƙanƙantarsu, domin hanta ɗaya ce take ɗaukar su duka.

DanLab_Kalgo: Ƙari a kan maganar Nas: yawancin mutanen Afirka ta Yamma fararen ƙwayoyin jininsu na nau'in nutrofil a ƙasa suke tun haihuwa, saboda wani gado da ke da alaƙa da rukunin jini na Duffy, kuma lafiyarsu ƙalau. A yi mata gwajin jini kafin ta sha ƙwaya ta farko, domin likita ya san inda nata yake tun asali, kada a yi ta dakatar da magani a kan lambar da dama can haka take.

YarArgungu: Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba a taɓa ba. Shekaruna 31, wata takwas ke nan ana yi mini allurar tsayar da al'adar. Allura ce mai kauri da ake sa wa a ƙarƙashin fatar ciki duk kwana 28. Ba zafinta ne matsalar ba, abin da ke biyo baya ne: zufa ta tashe ni cikin dare har sai na sauya zane ko da sanyin hunturu, gwiwoyi su yi tsami in na tashi daga sallah, ga bushewar gaba da ke shafar zaman aure, abin da kunya ke hana mu faɗa wa likita namiji. Ana lissafa mana watanni, amma ba a cika tambayar yadda mace take a cikin watannin ba. Yaya Ummu Sadiq, a zaunar da mijinta a yi masa bayani tun yanzu, kuma a sani cewa ba a ɗaukar ciki ko shayarwa a kan waɗannan magunguna.

Nas_Zuru: Allah ya saka miki, 'yar'uwa. Kuma ɗaukewar al'adar ba ta isa kariya daga ciki ba, ana buƙatar hanyar tazara wadda ba ta da sinadarin mata, kamar robar mahaifa mai jan ƙarfe.

Famasis_BirninKebbi: Tunda an zo nan, akwai zaɓin da mutane ba sa son ji: a cire ma'ajiyar ƙwan gaba ɗaya da tiyata. Ba sabon abu ba ne, wani likita a Glasgow mai suna George Beatson ya ba da rahotonsa tun 1896. Sau ɗaya ake yi, an huta da kuɗin allura da na mota duk wata, an huta da fargabar allurar ta yanke a kasuwa, sai a karkatar da kuɗin ga ƙwayar.

YarArgungu: A lissafin kuɗi haka ne, Malam, amma allura ana iya dainawa, abin da aka cire kuwa ba ya dawowa. Ni an ba ni wannan zaɓi na ƙi, ba don ina sa ran haihuwa ba, sai don zuciyata ba ta shirya ba. Wata kuma da muke haɗuwa a layi ta yi, ta ce hankalinta ya fi kwanciya. A bar mai jikin ta zaɓa.

Malam_Bunza: Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Tunda na ji ana maganar ƙwayar da ake sha safe da yamma da kuma zawo, ina tunatarwa cewa Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yi wa marar lafiya rangwamen azumi, ya rama in ya samu sauƙi, wanda kuma ciwonsa ba a sa ran rabuwa da shi malamai sun ce ya ciyar. Kada wata ta sauya lokacin maganinta a Ramadan ba tare da sanin likita ba. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Hajiya_Yauri: Game da kuɗi, ku nemi rajistar Asusun Lafiya na Masu Sankara na gwamnatin tarayya, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, wato furostet, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin waɗanda aka fara da su. Ku tuntuɓi gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi Bagudu, wadda ta daɗe tana wannan aiki a Kebbi, har aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC, a 2024. Akwai kuma tsarin raba kuɗi tsakanin hukumar inshorar lafiya ta NHIA da kamfanin Roche.

Famasis_BirninKebbi: Wannan na ƙarshen zai fi amfanar masu irin cutarki, Hajiya, domin Herceptin da Perjeta, magungunan masu HER2, su ne na Roche. Ibrance na Pfizer ne, Kisqali na Novartis, Verzenio na Eli Lilly. Sannan kowanne kuka zaɓa, ku saya ta hannun kantin maganin asibiti ko dillali mai rajista, ku duba lambar rukuni da ranar lalacewa. NAFDAC ta sha fitar da gargaɗi a kan jabun magungunan sankara, kuma araha fiye da kima a irin wannan magani abin tsoro ce.

Likita_Gwandu: Ummu Sadiq, akwai wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta ma'ajiyar ƙwai a danginku, ta wajen uwa ko ta wajen uba? Ina tambaya ne saboda shekarunta. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago ta yi tare da abokan aikinta na Ibadan, wanda ya fito a 2018, ya gano gurɓacewar ƙwayar gado ta BRCA1 a kashi 7 cikin 100 na matan Nijeriya masu cutar da aka gwada, BRCA2 kuma kashi 4 cikin 100, adadin da ya fi na Turawa. Mai wannan gado tana da ƙarin ƙofa a gaba, ƙwayar Lynparza, wadda a gwajin OlympiAD ta riƙe cutar wata 7 a kan 4.2 na kemo. Kuma amsar ta shafe ki, ta shafi 'ya'yanta. Game da ƙashin, ku tambayi allurar ƙarfafa ƙashi ta zoledronik, a duba haƙoranta kafin a fara, kuma wurin da ke ciwo sosai ana iya gasa shi da na'urar gashi ta asibiti. Idan ƙafafunta suka fara sanyi ko fitsari ya riƙe, a ranar za a kai ta, ba a jira ranar asibiti.

Ummu_Sadiq_Jega: Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, da ciwon nono ta rasu tana da ƙuruciya, amma a lokacin ba a kai ta asibiti ba, daji kawai aka ce. Zan faɗa wa likitan. Na karanta mata duk abin da kuka rubuta tana kwance, kuma maganar 'Yar Argungu ta sa na maimaita mata. Ita ta fi karkata ga Kisqali saboda abin da Likita ya kawo, mijinta kuma ya fi ganin hujjar Famasis, domin albashinsa na malamin makaranta ne kuma shi ya san abin da ke hannunsa.

Abban_Hanifa: Ku zauna da 'yan'uwa ku rubuta abin da kowa zai iya bayarwa duk wata, ba abin da zai bayar yau cikin tausayi ba, ku haɗa da kuɗin gwajin jini da na hoto da na motar Sakkwato. Wannan takardar ku kai wa likitan tare da ta gwajin.

Famasis_BirninKebbi: Kuma ku tambaye shi ko zai yarda a fara Zoladex da letrozol a wannan makon, tunda duk wanda aka zaɓa cikin ukun a kansu za a ɗora shi. Jiran haɗa kuɗin ƙwayar bai kamata ya tsayar da su ba.

Likita_Gwandu: A wannan kam mun haɗu. Sai dai ina nan a kan cewa in lissafin ya nuna za a iya riƙe Kisqali, kada a bar shi don Ibrance. Ummu Sadiq, kafin ranar asibitin ki rubuto sunayen duk magungunan da take sha yanzu, har na ciwo da na amai da na gargajiya, domin idan akwai mai taɓa bugun zuciya a cikinsu, shi ma zai shiga cikin zaɓin.

YarArgungu: Yaya, in ta amince ki turo mini saƙo ta gefe, akwai abubuwan da suka shafi zufar dare da zaman aure da zan fi sakewa in gaya mata mu biyu.